Tsakanin Takardar Likita da Bakin Majinyaci: Aikin Masanin Magunguna a Ciwon Sukari

 Yau za mu tattauna kan ciwon sukari, amma ta wata ƙofa da ba a cika shiga ta cikinta ba. Mun saba jin likita yana bayanin cutar, mun saba jin gargaɗi kan lemon kwalba da kayan zaƙi. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ke biyo baya idan likita ya rubuta magani ya miƙa takarda. Wa ke tabbatar da cewa maganin da aka saya mai kyau ne? Wa ke tabbatar da cewa majinyaci ya gane yadda ake shan sa? Wa kuma ke bibiya ya ga an ɗore a kai wata da watanni, shekara da shekaru? Akwai ma'aikacin lafiyar da aka horar domin wannan aiki, shi ne masanin magunguna, wanda a asibiti muke kira famasis. Ra'ayina shi ne, muddin muka bar shi a bayan taga yana ƙirga ƙwaya yana zubawa a leda, za mu ci gaba da asarar idanu da ƙoda da ƙafafu da rayukan da ana iya tseratar da su.

Bari mu fara da girman matsalar. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu suna nahiyar Afirka, kimanin miliyan 3.6 kuma a Najeriya. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su ma san suna da ita ba. Su kuwa waɗanda suka sani, gabansu akwai wani aikin: zama da cutar da ba a warkewa daga ita kamar yadda ake warkewa daga zazzaɓin cizon sauro. Lallaɓa ta ake yi, kullum, har iya rayuwa.

A nan ne gizo ke saƙa. Mai ciwon sukari yana ganin likita ne na 'yan mintuna, sau ɗaya a wata ɗaya ko wata uku. Sauran kwanakin duka shi ne likitan kansa a gida. Shi zai tuna lokacin magani, shi zai zaɓi abin da zai ci, shi zai yi wa kansa allura, shi zai yanke shawarar ko ya sayi magani ko ya biya kuɗin makarantar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto a 2003 inda ta ce a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu cututtuka masu daɗewa ne kaɗai ke shan magani yadda aka umarce su, kuma a ƙasashe masu tasowa abin ya fi haka muni. To ku duba, idan haka abin yake a inda ake da inshora da wutar lantarki, yaya zai kasance a garuruwanmu?

Kada mu yi saurin cewa sakaci ne. Idan ka zauna da masu cutar za ka ji dalilai, kuma kowane dalili yana da tushe. Wani zai ce, “Na ji sauƙi, shi ya sa na ajiye.” Wata za ta ce, “Maganin nan yana murɗa min ciki, yana sa ni gudawa.” Wani dattijo zai ce, “Ranar da na sha shi ban karya ba, jiri ya kwashe ni a kasuwa, tun daga ranar nake tsoron sa.” Wani ya ce kuɗin ne babu, saboda haka ƙwaya ɗaya yake rabawa biyu. Wata ta ce an faɗa mata duk wanda aka ɗora a kan allurar insulin to tasa ta ƙare. Wani kuma ya ce an haɗa shi da mai maganin gargajiya da ya yi alkawarin raba shi da cutar gaba ɗaya. Duk waɗannan maganganu suna da amsa, amsa mai sauƙi ma, in da akwai wanda zai zauna ya saurara. Matsalar ita ce galibi babu wanda ya tambaya.

Ga shi kuma ciwon sukari ba ya ihu. Ɓarnarsa irin ta gara ce a cikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto. Sukarin da ya yi yawa a jini yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali, yana kuma share fagen bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutum yana jin kansa garau alhali gani yana raguwa, tafin ƙafa yana mutuwa, har ya taka ƙusa bai ji ba, ciwo ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka shafe kimanin shekara 20 ana bibiyar dubban majinyata daga 1977 zuwa 1997, ya nuna cewa duk lokacin da awon sukari na dogon zango ya sauka da maki ɗaya, haɗarin lalacewar waɗannan ƙananan jijiyoyi yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wannan maki ɗayan, ƙwayar da ake haɗiya kullum a kan lokaci ce ke kawo shi.

To wane ne wannan masanin magunguna da muke magana a kai? Ya kamata mu bambance, domin a wurinmu duk wanda ke tsaye a shagon magani “likita” ake ce masa. Mai kemis ɗin unguwa yana da amfaninsa, amma lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne waɗanda ba sa buƙatar takardar likita. Famasis kuwa ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magani: yadda ake haɗa shi, yadda yake shiga jiki, yadda hanta da ƙoda ke fitar da shi, da yadda wani magani ke karo da wani. Sai ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta yi masa rajista. A cikinsu akwai waɗanda suka ƙware a kan kula da majinyaci kai tsaye. Irin wannan yana zagayen ɗakunan kwanciya tare da likitoci, yana duba fayil, yana karanta sakamakon gwaji, yana ba likita shawara kan magani da adadinsa, yana kuma zama da majinyaci ya koya masa.

Wannan salo ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1960. A 1966, asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya fito da masana magunguna daga ɗakin ajiya ya kai su hawa na tara inda majinyata suke, suka riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da ma'aikatan jinya. A fannin ciwon sukari kuwa, misalin da ya fi shahara shi ne na garin Ashbil a jihar Karolina ta Arewa. A 1997 hukumar garin ta shirya wa ma'aikatanta masu ciwon sukari wani tsari: kowane majinyaci aka haɗa shi da famasis da aka ba horo na musamman, suna haɗuwa a kai a kai, ana duba magani da awon sukari da ƙafa da abinci, aka kuma ɗauke wa majinyatan kuɗin da suke cikawa wajen sayen magani. Da aka bibiyi sakamakon na tsawon shekaru, sai aka ga sukarin mafi yawansu ya sauka, fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu. Kuɗin magani ya ƙaru, tunda yanzu ana sha, amma jimillar kuɗin jinya ta sauka, domin kwanciya asibiti ta ragu. Babu wani sabon magani da aka ƙirƙiro a Ashbil. Mutum aka samu wanda ya san magani, aka ba shi lokaci da kujera.

A nan gida ma an kama hanya. Jami'ar Benin ce ta fara koyar da digirin shekara shida mai mayar da hankali kan majinyaci, wasu jami'o'in suka biyo baya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masana magunguna da suka cika asibitocin Arewa. Ilimin yana nan. Abin tambaya shi ne ko muna cin moriyarsa.

Yanzu bari mu ga aikin a zahiri, mu ɗauki magungunan da ke cikin ledar kusan kowane mai ciwon sukari a ƙasar nan. Na farko metformin, wanda da yawa suka fi sani da sunan Glucophage. Tun 1957 aka fara amfani da shi a Faransa, kuma har yau da shi ake fara wa mafi yawan masu nau'i na biyu na cutar. Magani ne mai inganci da araha, amma a makonnin farko yakan kawo tashin zuciya da kumburin ciki da gudawa. Wanda ba a yi wa bayani ba, kwana uku zai jefar da shi ya ce bai karɓe shi ba. Famasis zai ce masa, “Baba, a tsakiyar cin abinci za ka sha ko da gamawa, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma galibi cikin zai lafa bayan ɗan lokaci. In bai lafa ba ka dawo, akwai samfurin da ke narkewa a hankali, zan yi wa likita magana.” Shi ne kuma zai duba awon ƙoda, domin idan ƙoda ta yi rauni dole a rage metformin ko a dakatar da shi, zai kuma tuna cewa wanda ya daɗe a kansa yana iya samun ƙarancin bitamin B12.

Na biyu glibenclamide, wanda aka sani da Daonil, da 'yan uwansa irin su gliclazide da glimepiride. Waɗannan suna tilasta wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shi ya sa wanda ya sha ya fita bai karya ba yake iya faɗuwa. Alamun faɗuwar sukari su ne rawar jiki, gumi, bugun ƙirji, yunwa mai tsanani, jiri da rikicewar tunani, kuma idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 to an shiga haɗari. Famasis zai koya wa majinyaci da iyalinsa abin yi: a sha cokali ɗaya babba na sukari a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo, sannan a ci abinci. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Haka nan idan ya ga an rubuta wa tsohuwa mai raunin ƙoda glibenclamide, zai koma wurin likita cikin ladabi su duba ko a sauya, domin a jikin tsofaffi wannan magani yana iya kayar da sukari ya daɗe bai tashi ba.

Na uku insulin. An gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kuma yaro ɗan shekara 14 aka fara yi wa allurarsa a watan Janairun 1922. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Don haka insulin rahama ce. Mai nau'i na ɗaya ba shi da rayuwa sai da shi, mai nau'i na biyu kuma yakan kai lokacin da ƙwaya ba ta isar sa. Amma yin allurar yana buƙatar koyo da hannu: yadda ake murza kwalbar mai farin ruwa a tafin hannu ba tare da girgizawa ba, yadda ake jan adadin daidai, inda ake sokawa a ciki ko cinya, da sauya wuri kullum don kada fata ta yi ƙullutu ta hana maganin shiga. Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu a wasu kasuwanni, mai lamba 40 da mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya haɗa kwalbar wannan da sirinjin wancan zai yi wa kansa ko dai ƙasa da rabin abin da ake so, ko ninki biyu da rabi. Idon famasis ne ke kama irin wannan tun kafin a bar kanta.

Sai batun ajiya, wanda ya shafe mu ƙwarai. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin maki 2 zuwa 8, ba tare da ta daskare ba. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. To a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura maki 40, wutar lantarki kuma sai an gani, ina mafita? Muna da ita a gida. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta da ya yi aiki a Jigawa, ya samu lambar yabo ta duniya ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sanya tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu. Irin wannan sanyi na tukunyar ƙasa ana amfani da shi a ƙasashe masu zafi wajen ajiye insulin, a sa kwalbar a cikin leda ko gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye a inuwa. Famasis da ya san garinsa zai tambayi majinyaci, “Hajiya, akwai firji a gida? Wuta tana zama?” In babu, ya nuna mata wannan hanya, ya gargaɗe ta kada ta bar allurar a cikin mota ko a bakin taga.

Wani babban aikin shi ne tace magungunan da ke karo da juna. Mai ciwon sukari da wuya ka same shi da magani ɗaya. Ga na hawan jini, ga na rage kitse a jini, ga na ciwon gwiwa da ya saya a kemis, ga na ɗan uwa da aka sammasa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna ƙara wa ƙoda nauyi, ita kuwa dama cutar ta sa ta a gaba. Dexamethasone da prednisolone suna tayar da sukari sosai, kuma su ne ake cusawa a cikin haɗe-haɗen sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu haɗin maganin sanyin ƙashi. Kwinin na zazzaɓi yana iya kayar da sukari, haka Septrin idan ya haɗu da glibenclamide. Babu yadda za a gane waɗannan sai an zazzage ledar gaba ɗaya a kan tebur, an ɗauki kowane kwali an tambaya: wannan wa ya ba ka, na mene ne, sau nawa kake sha?

A wannan zazzagewar ne maganin gargajiya ke fitowa. Mutanenmu suna shan shuwaka da zogale da garahuni da ɗanyen ganyen darbejiya, wasu kuma suna sayen gari ko ruwan jarka da ba a san abin da ke ciki ba. Idan ma'aikacin lafiya ya yi tsawa, majinyaci zai ɓoye, ya ci gaba da sha a gida. Famasis nagari yana tambaya ne da sakin fuska, sannan ya faɗi gaskiya: zogale da shuwaka a miya abinci ne mai kyau, amma babu ganye ko saiwar da aka tabbatar tana raba mutum da ciwon sukari, kuma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya kayar da sukari ko ya taɓa hanta da ƙoda. Haka zuma, duk da albarkarta, tana tayar da sukari a jini, don haka ba a shan ta ba lissafi.

Masu sauraro, ga kuma watan Ramadan. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, wanda aka wallafa a 2004, ya gano cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu suna yin azumi na aƙalla kwana 15, har da kashi 43 cikin ɗari na masu nau'i na ɗaya. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma akwai waɗanda likita zai ce kada su yi. Amma da yawa za su iya, in an shirya. Shirin yana farawa ne tun a Rajab ko Sha'aban: a duba magani, a sauya lokutansa, galibi a mayar da kaso mafi girma lokacin buɗa-baki a rage na sahur, a jinkirta sahur, a sha ruwa sosai da dare, a sassauta wa kunu mai sukari da soye-soye. A riƙa awo da rana, domin malamai da likitocin da suka tsara ƙa'idojin azumin masu wannan cuta sun bayyana cewa ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan a kira sallah. Likita ɗaya mai layin mutane har bakin ƙofa ba zai iya yi wa kowa wannan dogon bayani ba. Famasis zai iya ɗaukar masa wannan nauyi.

Sai jabun magani. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ita kanta masaniyar magunguna ce, kuma ta sha faɗa a bainar jama'a cewa 'yar uwarta mai ciwon sukari ta rasu ne sakamakon jabun insulin. Ba mamaki da hukumar ta ƙaddamar da tsarin kankare lamba a jikin kwali a aika ta saƙon waya a 2010, da maganin sukari na Glucophage aka fara gwajin. Mai shan magani kullum shi ne ya fi kowa shiga haɗarin jabu, domin zai sha da gaskiya, sukari ya ƙi sauka, likita ya ƙara adadi, alhali garin alli ake haɗiya. Kantin da ke da famasis mai rajista yana da wanda za a kama idan an samu matsala. Mai talla a faranti cikin rana ba shi da adireshi.

Ba za mu rufe ido kan tsada ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Faɗuwar darajar naira da janyewar wasu manyan kamfanonin magani daga harkar kai tsaye a ƙasar a 2023 sun ƙara jefa masu cutar cikin ƙunci. A nan ma famasis yana da abin yi. Ya san cewa metformin na wani kamfani mai rajista yana aiki kamar mai tsadar, zai iya nuna wa majinyaci wanda aljihunsa zai ɗauka. Zai iya ba likita shawarar haɗaɗɗiyar ƙwaya ɗaya a madadin biyu, ko a cire wanda ba dole ba. Zai iya nuna masa hanyar shiga inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa. Majinyaci yakan ji nauyin faɗa wa likita cewa ba shi da kuɗi, amma a wurin biya gaskiya take fitowa, kuma a nan famasis yake tsaye.

Bayan duk wannan akwai bibiya. Awon HbA1c, wato awon sukari na dogon zango, yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga mafi yawan manya ana son ya tsaya wajen 7 cikin ɗari ko ƙasa. Famasis zai fassara wa majinyaci wannan lamba, ya kuma lura cewa a jikin masu sikila ko masu ƙarancin jini awon yana iya yaudara, abin da ya shafi gidaje da yawa a yankinmu. Zai duba ranar da aka karɓi magani da ranar da aka dawo: wanda aka ba na kwana 30 ya dawo bayan kwana 50, an san akwai tsallake, sai a tambayi dalili ba tare da kunyatarwa ba. Zai taimaka a ɗaura shan magani da abin da ba a mantawa, kamar karin kumallo da abincin dare bayan Magariba. Ga wanda bai yi boko ba, a yi masa zane ko a rubuta da ajami, a kuma jawo ɗa ko jika ko matar gida cikin lamarin.

Me ya hana wannan zama ruwan dare a asibitocinmu? Na ɗaya ƙarancin ma'aikata, ga kuma masu ƙwarewa suna ta ficewa ƙasashen waje, waɗanda suka rage kuma sun taru a manyan birane. Na biyu tsarin ginin kansa: ƙaramar taga, dogon layi, hayaniya. Wane magidanci ne zai faɗi a gaban jama'a cewa cutar ta taɓa masa ƙarfin iyali, ko wace mata ce za ta yi bayanin ƙaiƙayin da ke damun ta? Na uku tsohuwar gasa tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya kan wane ne babba. Likita shi ke gano cuta ya tsara jinya, babu mai ja da wannan. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk ranar da aka yi jayayyar matsayi, majinyaci ne ke biya da lafiyarsa.

Saboda haka ga kirana. Gwamnatocin jihohi da shugabannin asibitoci, ku ɗauki masana magunguna aiki, ku ware musu ɗaki mai ƙofa da kujera biyu a kowane asibitin masu ciwon sukari, ku ba su damar ganin fayil da rubuta abin da suka lura. Hukumomin inshora, ku sa insulin da sirinji da tsinken awo cikin abin da kuke biya ba yankewa, ku kuma biya kuɗin zaman ba da shawara, domin ya fi wankin ƙoda araha nesa ba kusa ba. Likitoci, ku riƙa tura majinyatanku wurin famasis kamar yadda kuke tura su ɗakin gwaji. Ku kuma masana magunguna, amanar tana wuyanku: ku zauna a kantunan da aka yi rajista da sunanku, ku yi magana da harshen da Inna da Baba za su gane, ku sa majinyaci ya maimaita abin da kuka faɗa kafin ya tashi.

Kai kuma ɗan uwa mai fama da wannan cuta, ke kuma 'yar uwa, da ku masu jinyar iyaye a gida, ranar asibiti ta gaba ku tattara duk abin da ake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ɗaya ku tafi da shi. Ku nemi ganin famasis, ku tambaye shi: wannan na mene ne, yaushe ake sha, da abinci ko kafin abinci, me zan yi idan na manta, wace alama ce in na gani zan dawo da gaggawa? Idan an manta an tsallake, kada a haɗa biyu a lokaci ɗaya. Idan magani ya dame ku ko kuɗi ya gaza, ku faɗa, kada ku ajiye shi a ɓoye. Kuma kada wanda ya rage ko ya ƙara ko ya daina magani saboda abin da ya ji a rediyo ko a majalisa, sai ya koma wurin masu duba shi. Matambayi ba ya ɓata, tambayar kuma haƙƙinku ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu kula da su haƙuri da basira.